Ƙwace a Tsohon Filin Harbi

Tun da sojoji suka tattara komatsansu suka bar barikin da ke bayan duwatsun Tudun Kargo, daji ya dawo ya karɓi abinsa. Sabara da geza suka cinye filin fareti. Gwaggon biri ya mai da ma'ajiyar makamai gidan gadonsa, yana zama a taga yana kallon mutane kamar su ne baƙi. Ramukan da igwa ta haƙa a filin harbi suka riƙa tara ruwan damina, zabin daji da zomaye suka samu mashaya. Har gada, wadda dattawa suka ce rabonsu da ita tun suna samari, ta sake bayyana. Kada wani ya ce tausayi ne ya tsare dabbobin nan, tsoro ne. Kowa ya san sojoji sun bar abin da bai fashe ba a cikin ƙasa, kuma ba a manta da ɗan gwangwan nan da ya tsinci ƙarfe mai nauyi ya sa masa guduma ba. A buhu aka kai shi gida.

Sai da aka sha shekaru gwamnati ta tuna da wurin. Aka turo ma'aikata daga Dutse ƙarƙashin wata Injiniya Juwairiyya, 'yar unguwar Takur, mace marar yawan magana. Suna bin ƙasa da na'urar gano ƙarfe, suna tono harsasan igwa, suna kwashe gangunan baƙin mai da suka ruɓe suka ƙona ciyawar gefensu. Inda suka gama sai su jera duwatsu masu farin fenti, inda ba su gama ba masu ja. In aiki ya kammala, aka ce, wurin zai zama gandun namun daji. Aka ɗauki 'yan gari gadi, aka ba su koren kaya da usur. Cikinsu har da Sagiru.

A nan rigima ta samo asali, domin Sagiru ƙanen Ɗanladi ne, Ɗanladi kuwa shi ne Sarkin Dawan Tudun Kargo. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da mahaifinsu ya rasu Ɗanladi ne ya riƙe shi, ya koya masa bin sawu da jifa da gora, ya zaunar da shi gaban tukunya suka sha tauri tare, maganin nan da mafarauta suke cewa yana hana ƙarfe cin jiki. Ranar da Sagiru ya shigo gida da koren kaya, Ɗanladi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sannu, mai gadin ɓeraye." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Sagiru kuwa bai fasa durƙusawa kowace safiya ba, don duk duniya, bayan mahaifiyarsu Hajja, ba wanda yake so kamar wannan mutum mai taurin kai.

Abin da gwamnati ba ta lissafa ba shi ne, tana kwashe bama-bamai tana kwashe tsoro. Mafarauta suka riƙa ganin motoci na fita da ƙarafa, suka ce madalla, an share musu daji. Jajayen duwatsun kuma ba wanda ya isa ya gaya musu ma'anarsu. Sun riga sun yanke cewa alamar fuloti ce, manyan Dutse ne suke yanka filin a tsakaninsu, maganar bam kuwa barazana ce don talaka ya kauce.

Ana cikin tsakiyar rani na'ura ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba a kan wani tudu kusa da wata tsohuwar ɗinya. Injiniya ta durƙusa ta haska wani ramin beguwa da ya nutsa cikin tudun, ta miƙe a hankali, ta sa kowa ya ja baya. Ta tara masu gadi ta ce musu rami ne aka jibge akwatunan albarushi da harsasai aka rufe, katakon ya ruɓe ya bushe, beguwa ta samu ƙasa mai laushi ta yi gida a tsakaninsu. Ta ce za ta koma Dutse ta taho da masu tarwatsa irin wannan. Ta nuna musu dogon bangon simintin da sojoji suke tare harsashi da shi, can gabas da tudun, ta ce ranar da za a fasa ramin duk wanda ba ya bayan bangon nan to ya yi sallama da iyalinsa. Kafin nan ko taba kada a sha a kusa.

Washegari da sassafe, Sagiru yana ɗaura takalmi, ya ji gangi. Ba ya bukatar a gaya masa, gangar mafarauta ce, kuma hannun tsoho Maharazu ne a kanta. Hajja ta fito daga ɗaki da carbi, ta tsaya a kansa.

"Yayanka ya gayyato mutanen Garki da na Yalwawa," ta ce. "Barikinku za su shiga. Gaskiya ne abin da ka faɗa jiya a kan tudun nan?"

"Gaskiya ne, Hajja."

"To ba na son nama, ba na son suna. Ka je ka fito mini da shi da ransa."

Kafin ya kai ƙofar bariki an riga an datse wayar shinge. Motocin da suka kawo baƙi suna tsaye, sauran masu gadi kuwa ko ƙurarsu babu, sun ga yawan adduna sun tuna suna da iyali. Sagiru ya kira Injiniya. Ta ce ga ta nan da 'yan sanda, amma hanya ba ta da kyau, ta ce ko me za a yi kada a kunna wuta a tudun nan. Ya sa wayar a aljihu ya shiga.

Wanda bai taɓa ganin farautar gayya ba yana zaton mutum da dabba ne ake gwabzawa. Ina. Dabba dalili ce kawai. A wannan sana'a in ka kashe nama bai zama naka ba sai ka kare shi, duk wanda ya ga zai iya yana da damar ya zo ya ƙwace, kuma ba ƙara ba shari'a. Abu ɗaya aka hana: ƙane ba ya ƙwace a hannun yayansa. Wanda ya yi haka ya zagi gidansu da duk wanda ya taɓa riƙe gora, kuma kowa yana da ikon ya far masa.

Sagiru ya ratsa ta tsakiyarsu yana gudu. A filin fareti karnuka sun raba zomo biyu, masu karnukan kuma suna raba kan juna a kan rabin da ya rage. Wani ɗan Garki yana zaune a ƙasa, goshinsa a tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, yana rungume da zabuwa yana dariya. A bakin ma'ajiyar makamai an rutsa birai. Wata uwa ta maƙale a taga da ɗanta a ciki, gora ta same ta a ƙeya ta faɗo, karnuka suka yi mata caa, ɗan yana ta ƙara har aka taka shi. Watanni Sagiru ya yi yana kallon dabbobin nan suna sakin jiki da mutane, har sun daina gudu in sun ga koren kaya. Shi ya koya musu rashin tsoro, yau ga sakamakon. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai tsaya ba, saboda ya hango hayaƙi a wajen ɗinya.

Ɗanladi yana tsaye a kan tudun, ƙafa ɗaya a kan jan dutse. Ƙato ne, layu sun zagaye damatsansa, barandami a hannu. A gabansa gada ce kwance, wuyanta a karye, idonta a buɗe. Sagiru ya san ta, ita ce mai zuwa shan ruwa da hantsi tana kaɗa kunne. Mutane sun kewaye suna kallo, ba wanda ya yi gigin matsowa, Maharazu yana zuba wa Sarkin Dawa kirari. A gefe wasu suna tura kara da busasshiyar ciyawa cikin ramin beguwa suna fifita wuta da hula, yadda aka saba turara rami tun kaka da kakanni.

"Yaya," Sagiru ya ce yana haki, "don Allah a kashe wutar nan. Albarushi ne a ƙarƙashinku."

Ɗanladi bai dube shi ba. Ya ce da na kusa da shi, "Wa ya saki akuyar gwamnati?"

Aka fashe da dariya.

"Yaya, da idona na ga Injiniya ta leƙa. Akwatuna ne cike. In wuta ta kai su ba wanda zai saura a nan."

"To bam ɗin da mene ne aka yi shi?" Yanzu kam ya juyo. "Ba ƙarfe ba ne? Yaushe ƙarfe ya fara cin ɗan gidanmu? Koma ka gaya wa uwar ɗakinka fulotinta yana nan, nama kawai muka zo ɗauka."

Sagiru ya bar magana, ya faɗa bakin ramin ya fara fizgo karan da hannu, wuta tana lasar yatsunsa. Bai fizgo na uku ba gora ta sauka a haƙarƙarinsa, ya ji wani abu ya yi ƙaras a ciki. Ta biyu ta same shi a baki. Ya mirgina yana tofar da jini da guntun haƙori. Ɗanladi ne da kansa, ya karɓi gorar wani don kada ya ɓata barandami a kan mai gadi.

"Ramin da na sa wa wuta za ka taɓa?"

Daga inda yake kwance Sagiru yana kallon cikin ramin. Karan da ya ciro ba su hana komai ba. Can ciki akwai ja, kuma hayaƙin ya canza, ya yi baƙi, yana warin tsohon katako da fenti. Akwatunan sun kama. Ba hannun da zai kai wurin, ba ruwa a kusa. Ga shi kuma dukan da aka yi masa ya jawo jama'a, don ba abin da mafarauci yake so kamar rigima. Daga filin fareti, daga bayan duwatsu, suna ta kwararowa kan tudun, gangi yana kiran su.

Tsoro ya kama shi. Ya san yayansa. Ko ƙasa za ta tsage Ɗanladi ba zai bar ramin da ya sa wa wuta ba, a ce wai ya ji maganar mai gadi ya gudu. Roƙo ba ya ɗaga shi, gaskiya ba ta ɗaga shi. Abu ɗaya ne a duniya zai sa shi barin wurin nan da gudu, kuma ya ja kowa a bayansa.

Sagiru ya miƙe kamar mai shirin tafiya. Ya sunkuya, ya kama ƙafafun gadar, ya saɓa ta a wuya, ya dubi yayansa ido cikin ido don kowa ya shaida.

"Na ƙwace," ya ce.

Gangi ya tsaya. Sagiru ya juya ya zura gabas.

Ihun da ya tashi a bayansa bai taɓa jin irinsa ba. Tudun ya zube gaba ɗaya, 'yan Garki, 'yan Yalwawa, 'yan gida, duk wanda yake da ƙafa. Gangi ya dawo da sabon kiɗa, kiɗan bi. Gadar ba ta da girma, amma da karyayyen haƙarƙari kowane taku kamar ana soka masa tsinke. Jininta yana bin wuyansa yana shiga rigar. Bangon siminti yana can gaba, fari, kamar ba ya matsowa.

Karnuka ne suka fara cim masa. Ɗaya ya kama masa sharaɓa ya yage nama, Sagiru ya shure shi ya wuce. Wani ya yi tsalle ya cafki cinyar gadar yana lilo, ya ja su duka biyu. Gora ta zo tana juyi a iska ta daki bayansa. Dutse ya fasa masa kunne. Ya faɗi a kan gwiwa cikin ƙaya, ya waiwaya. Ɗanladi ne a gaba, ya bar kowa, fuskarsa ba ta mutum mai ganewa ba ce. Amma suna kusa da tudun har yanzu. Sagiru ya tashi.

Wani ɗan Yalwawa mai dogayen ƙafafu ya yanko ta gefe ya riƙe kan gadar. Da ya bar masa ita da an huta, sai dai rigima za ta tsaya a nan, a fili. Sagiru ya sa masa goshi a hanci, ya ji ƙashin ya nutse, mutumin ya saki. Wani ya kawo masa sara da adda, ta zame a kan gadar ta buɗe mata ciki, hanji ya zubo yana harɗe masa ƙafa. Haka ya ci gaba, yana jan ƙafa, yana jan hanji, karnuka suna cin abin da ya faɗi.

Ya kai bangon. Bai tsaya a bakinsa ba, ya zagaya ya bi tsawonsa har can ƙarshe, don bayan ya ɗauki kowa. Suka biyo shi suka cika wurin. A nan ƙafarsa ta ƙi. Ya jingina da siminti, ya sauke gadar, amma bai saki ƙafarta ba.

Ɗanladi ya iso, jama'a suka buɗa masa.

"Saki."

Sagiru ya dubi bayan yayansa. Har yanzu akwai masu tahowa a fili, kuma in ya saki, Ɗanladi zai ɗauki namansa ya koma wa beguwarsa.

"Ba zan saki ba, Yaya."

A yi wa Ɗanladi adalci a nan. Sau nawa ya sari ƙanensa a gaban jama'a ranar wasan tauri, ƙarfe ya yi tsalle ya bar farin layi kawai. A saninsa duka zai yi, mai zafi, wanda zai sa yatsu su buɗe. Bai san Sagiru ya bar shan magani tun da ya bar daji ba. Ko kuwa dama can ba komai a tukunyar sai sassaƙe da iya sara, wannan Allah ne masani. Ya ɗaga barandami da hannu biyu ya sauke da duk ƙarfinsa.

Ƙarfen ya wuce ta wuyan hannu ya daki siminti har ya ba da wuta. Hannun ya zauna a ƙafar gadar, a damƙe. Sagiru ya ɗago abin da ya rage yana kallo, jini yana tsartuwa yana bugun ƙirjin yayansa.

A daidai lokacin wuta ta kai albarushin. Ƙasa ta ɗaga su ta buga. Ƙarar ba a kunne aka ji ta ba, a ƙirji da haƙora aka ji ta. Bangon ya girgiza, saman ya ɓare ya zubo musu. Rana ta ɓace. Sai ruwan ƙasa da duwatsu da guntayen ƙarfe masu zafi, sai ƙananan fashe-fashe suna bin juna kamar ba za su ƙare ba. Wani reshen ɗinya ya faɗo a gabansu yana ci da wuta. Da abin ya lafa, waɗanda ba su kai bango ba suna warwatse a fili, wasu suna rarrafe, wasu ba sa motsi. Tsoho Maharazu, wanda ƙafarsa ba ta gudu, yana tafe a baya yana kiɗa, ba a ga ko gangarsa ba.

Sagiru yana kwance a gefe, bakinsa cike da ƙasa. Abu na farko da ya nema da ido shi ne yayansa. Ya gan shi durƙushe, fari fat da ƙura, jini yana fita ta kunnuwansa biyu. Ya bi shi da kallo daga kai zuwa ƙafa. Kai yana nan, hannuwa suna nan, ƙafafu suna nan. Wani daɗi ya sauko masa wanda ya fi ciwon ƙarfi, har ya ji hawaye.

Ɗanladi ya tsinke igiyar layun damtsensa, layun suka zube, ya ɗaure dungulmin da ita yana ja da haƙori. Yana ta magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Ai tukunya ɗaya muka sha. Sagiru, ai tukunya ɗaya muka sha." Ya ɓamɓare yatsun daga ƙafar gadar ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe hannun a hularsa, ya sa a burgamin da yake zuba nama. Ya goyi ƙanensa ya nufi ƙofa. Ba wanda ya kalli gadar.

A bakin shinge suka haɗu da motar 'yan sanda. Injiniya Juwairiyya ta diro tun kafin ta tsaya, ta ga hayaƙin, ta ga abin da ake goye da shi, ta dafe bakinta. Aka kwantar da Sagiru a bayan mota. Wani sufeto ya sunkuyo ya dubi dungulmin, ya daɗe yana dubawa, don yankan ya yi kyau da yawa a ce aikin bam ne.

"Wa ya yi maka wannan?"

Sagiru ya tattaro sauran numfashinsa. Saura ƙiris, a kai shi asibiti, yayansa ya tafi gida wurin Hajja.

"Bam ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Ƙarfe ne ya taso ya same ni. Wannan yayana ne, shi ya cece ni."

Sufeton ya gyaɗa kai, ya fara juyawa. Mafarautan da ke tsaye duk suka sunkuyar da kai, ba wanda zai ce uffan. Amma Ɗanladi bai ji tambayar ba, bai ji amsar ba. Ya ga dai bakin ɗan sanda yana motsi, ya ga ana nuna hannun. Ya ciro hular daga burgami ya ajiye a gefen ƙanensa a hankali, ya ɗora barandamin a kan mota, jinin bai ko bushe ba.

"Ni na sare shi," ya ce, da muryar da aka ji har bakin duwatsu. "Ƙanena ne. Ni na sare shi."

Sagiru yana girgiza kai, yana kiran "Yaya, Yaya," yana miƙa hannun da babu. Ɗanladi yana kallon bakinsa bai gane ba. Ya miƙa wa sufeton hannuwansa biyu, aka sa musu ankwa.